Martani Kan Sayen Talabijin Matsakaici: Lambar 4K Ba Ita Ce Ma'auni Ba

Talabijin matsakaici shi ne wanda girmansa ya kama daga inci 40 zuwa inci 50, kuma mai inci 43 ne aka fi gani a falon gidaje da ɗakunan amare da shagunan aski. Ana auna incin ne daga kusurwa zuwa kusurwa, saboda haka mai inci 43 faɗinsa santimita 95 ne, tsayinsa kuma 53 da 'yar ɗoriya. A bakin 'yan kasuwa har yau fulasma ake kiransa, ko da yake Panasonic da Samsung da LG duk sun daina ƙera fulasma na ainihi kafin ƙarshen 2014. Abin da ke rataye a bango yanzu, in ban da ƙalilan masu tsadar gaske, gilashin LCD ne da fitilun LED ke haskawa ta baya.

A kan irin wannan talabijin ne wani marubuci ya fitar da maƙala yana ba masu saye shawara. Ya gina ta a kan da'awa uku. Ta farko, kyawun hoto ya dogara ne ga yawan ɗigon da ke jikin gilashi, don haka mai 4K ya ninka mai Full HD sau huɗu. Ta biyu, muddin talabijin yana hawa intanet, maganar sauran kafofin jona waya ta zama tsohon yayi. Ta uku, tunda 'yan masana'antu kaɗan ne ke ƙera gilashin kowa, wanda ya fi araha cikin masu 4K shi ne gwani, duk wanda ya ƙara ko sisi kuwa suna kawai ya saya. A cikin kowace da'awa akwai ƙwayar gaskiya, shi ya sa maƙalar take da daɗin karɓa. Matsalarta ita ce ta ɗauki rubutun jikin kwali ta mai da shi ma'auni, alhali ba kwalin ake kallo ba.

Lissafin ɗigon da marubucin ya kawo daidai ne. Gilashin Full HD yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla miliyan biyu da dubu saba'in da 'yan kai. Na 4K yana da 3,840 da 2,160, jimla 8,294,400, wato ninki huɗu cif. Abin da ya tsallake shi ne idon mai kallo, wanda yake da iyaka. Lafiyayyen ido yana iya raba ɗigo biyu ne idan tazarar da ke tsakaninsu ta kai kashi ɗaya cikin sittin na digiri ɗaya. A gilashin Full HD mai inci 43, faɗin kowane ɗigo rabin milimita ne, kuma idan aka yi lissafi, da zarar mai kallo ya wuce mita 1.7 ɗigon sun narke masa sun zama hoto guda. Kafin ido ya ci cikakkiyar moriyar 4K a wannan girman, sai an matso zuwa wajen santimita 85, kusan tsawon hannu da ɗan ƙari. Kujerar falo kuwa takan yi mita biyu da rabi ko uku daga bango. A wannan nisan, ƙarin ɗigo miliyan shida da aka biya wa kuɗi suna nan a jikin gilashin, amma ba sa isowa ido.

Sai kuma tambayar da maƙalar ba ta yi ba ko kaɗan: me za a kalla? Tashoshi da yawa da risiba ke kamowa daga tauraron ɗan'adam har yanzu a tsohon ma'auni suke, mai ɗigo 720 da 576. Jimlarsu 414,720, kuma idan aka raba ɗigon 4K da wannan adadi, ashirin ake samu daidai. Ma'ana, duk ɗigo ɗaya da tashar ta aiko, sai talabijin ya ƙirƙiro goma sha tara daga kansa kafin ya cika gilashin. Wannan aikin cike giɓi ƙwaƙwalwar da ke cikin talabijin ce take yin sa, kuma a nan ne mai kyau yake rabuwa da maras kyau. Ƙwaƙwalwa mai ƙarfi tana gyara gefen abubuwa, ta rage dusar hoto, ta bar fuska da kamanninta. Mai rauni kuwa shimfiɗa hoton kawai take yi kamar an ja roba. Fuskar mai karanta labarai sai ta koma kamar an shafe ta da man kaɗanya, rubutun da ke gudu a ƙasan hoto ya riƙa karkarwa, ciyawar filin ƙwallo ta zama koren fenti. Haka abin yake da fim ɗin Hausa ko na Indiya mai fassara da aka turo a filash daga shagon masu tura fim, wanda galibi an matse shi don ya shiga waya. Ba abin mamaki ba ne a ga talabijin Full HD na kirki ya nuna irin wannan fim fiye da mai 4K na araha, suna rataye kafaɗa da kafaɗa.

Abin da ido yake gani daga kowane nisa shi ne tazarar da ke tsakanin baƙi da fari, da ƙarfin haske, da gaskiyar launi. Gilashin LCD iri biyu ne suka mamaye wannan girman, VA da IPS, kuma ba kasafai ake rubuta su a kwali ba. A na VA, farin ya fi baƙin haske sau 3,000 zuwa 5,000, wani lokaci ma fiye, don haka dare a cikin fim yakan fito da duhunsa. Aibinsa shi ne wanda ya zauna a gefe zai ga launi ya koɗe. Na IPS tazararsa wajen sau 1,000 ce kawai, baƙinsa yakan yi toka-toka idan an kashe fitilar ɗaki, amma na gefe da na tsakiya kusan abu ɗaya suke gani. Babu wanda ya fi wani a kowane hali. Mutum ɗaya ko biyu da ke kallo da dare suna fuskantar gilashin, VA ya fi musu. Gidan da maigida ke kan kujera, yara suna baje a tabarma suna ɗaga kai, wasu kuma suna leƙe daga bakin ƙofa, IPS ne ya dace da shi, haka ma shago ko majalisa. Wannan zaɓi ya fi batun 4K tasiri nesa ba kusa ba, kuma maƙalar ba ta ambace shi ba.

Haske ma haka. Ana auna shi da ma'aunin da ake kira nit, kuma yawancin masu araha a wannan girman ba sa wuce 250 zuwa 300. A ɗakin da taga ke fuskantar gilashin, da hantsi mutum inuwarsa zai riƙa gani maimakon hoto. Marubucin ya yaba tambarin HDR da ke jikin kwalaye, ya ɗauke shi shaidar inganci. Finafinan HDR da yawa an tsara su ne a kan na'urar da ke kai nit 1,000. Talabijin mai nit 300 yana iya karanta saƙon, shi ya sa aka buga masa tambarin, amma ba shi da hasken da zai nuna shi, sai ya danne hoton gaba ɗaya, har ya fi na yau da kullum duhu. Irin wannan ruɗin yana tattare da lambobin saurin motsi. Yawancin gilasan wannan aji sau 50 ko 60 suke sabunta hoto a daƙiƙa, amma a kwali sai a ga 120 ko 200 ƙarƙashin wani suna da kamfani ya raɗa wa kansa. Mai kallon ƙwallo ba ya buƙatar lambar. Ya jira a buga doguwar ƙwallo ya ga ko tana jan wutsiya a bayanta.

Akwai ma inda kalmar 4K ɗin kanta take da baki biyu. Wani kwalin abin da yake nufi shi ne talabijin yana karɓar bidiyon 4K, ya rage shi ya nuna a gilashin da bai kai haka ba. Wanda ya bi shawarar marubucin ya nemi mafi araha cikin masu wannan lamba, shi ne ya fi kowa kusa da faɗawa wannan ramin.

Da'awa ta biyu ta fi ta farko rauni, domin ta ɗauka intanet ruwan famfo ne. Netflix da kansa yana neman saurin megabit 15 a daƙiƙa kafin a kalli 4K, kuma awa ɗaya tana iya cin gigabait 7. YouTube ya ba da shawarar megabit 20 ga 4K, 5 ga Full HD. Fim ɗaya mai awa biyu ke nan yana iya lashe gigabait 14. Gidan da ke kunna wa talabijin intanet daga wayar maigida, da datar wata-wata, ba zai yi kwana uku a haka ba. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne a shiga saiti a sauke hoton zuwa 480 ko 720 don data ta yi auki, a koma kan matsalar cike giɓi da aka ambata a baya.

Sannan ba kowane talabijin mai intanet ne yake daidai da ɗan'uwansa ba. Samsung yana amfani da tsarin Tizen, LG da webOS, Hisense da VIDAA a yawancin nasa, Sony da TCL kuma da Google TV ko Android TV. Waɗannan an gina su ne don rimot, kuma kamfanonin finafinai sun amince da su. A ɗaya ɓangaren akwai talabijin marasa asali da aka ɗora wa Android irin na waya. Rubutun kwalinsu iri ɗaya ne da na farko, amma da an kunna za a ga bambanci: manhajojin an yi su ne don yatsa, sai an riƙa jan wata 'yar kibiya da rimot kamar ana koran ƙuda. Mafi muni, ba su da babban matakin tsaron da ake kira Widevine L1, kuma na'urar da ba ta da shi Netflix ba ya sakar mata hoto mai kyau, a ƙaramin ma'auni yake tsayar da ita. Sai ga gilashin 4K da intanet mai ƙarfi da kuɗin wata da aka biya, hoton kuwa bai fi na faifan DVD ba. Ƙwaƙwalwar aikinsu sau da yawa gigabait ɗaya ce, ma'ajiya takwas, bayan 'yan watanni buɗe YouTube kaɗai sai ya zama aikin haƙuri.

Nan ne darajar kafofin da marubucin ya raina take fitowa. Ɓangaren intanet shi ne yake fara tsufa a jikin talabijin, tun gilashin yana da sauran shekaru. Idan akwai kafar HDMI da ba a cike ba, ƙaramin akwati ko ƙaramar sanda irin su Chromecast ko Fire TV ko Mi Box yana maye gurbinsa da kuɗi kaɗan. Saboda haka a fara ƙirga kafofin. Dikoda ta ɗauki ɗaya, risiba ko na'urar wasa ta ɗauki ta biyu, mai kafa biyu ya cika ke nan, sai a koma cire wannan a sa wancan har bakin kafar ya saki. Uku ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa. Nau'insu ma abin dubawa ne. HDMI 1.4 hoto 30 kawai take ɗauka a daƙiƙa idan 4K ne, sai 2.0 da ta fito a 2013 take kai 60. Ita kuwa 2.1 ta 2017, mai kai 120, saurin nata ba shi da amfani sai gilashin kansa yana da wannan saurin, abin da ba a cika samu a masu matsakaicin farashi ba. Kafa ɗaya a cikinsu ya kamata ta kasance da alamar ARC, wadda ke mayar da sauti zuwa amfilifaya ko doguwar sifika ta waya guda, domin sifikun siraran talabijin ƙanana ne, ƙasa ko bango suke fuskanta, kuma muryarsu ba ta ƙetare ƙarar fanka da janareta.

Tsohuwar kafar nan mai launi uku, ja da fari da ruwan ɗorawa, tana ɓacewa daga sababbin talabijin, wasu kuma sun mai da ita rami ɗaya mai buƙatar wayarsa ta musamman. Wanda ke da tsohuwar risiba ko DVD ya duba kafin ya biya. Kafar USB kuwa a gidaje da yawa ta fi intanet aiki, kuma a nan ma talabijin sun bambanta: wani ba ya buɗe bidiyon da aka matse da tsarin H.265, wani ya nuna hoto babu murya, wani kuma ba ya karanta filash sai mai tsarin FAT32, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya wuce gigabait 4. Akwai kuma na'urar kamun tasha ta ciki. Najeriya ta ɗauki tsarin DVB-T2, ta fara gwajin sauya sheƙa zuwa dijital a Jos a 2016. Wasu talabijin suna zuwa har da DVB-S2, wanda ke ba da damar jona wayar dish kai tsaye a kamo tashoshin kyauta ba tare da risiba ba. Ga mai zama inda intanet ke wuya, wannan ramin ɗaya ya fi duk manhajojin da aka jera a kwali.

A da'awa ta uku marubucin ya fi kusa da gaskiya. Tabbas 'yan kamfanoni ne ke ƙera gilashin LCD na talabijin, irin su BOE da TCL CSOT da HKC a Sin, da Innolux da AUO a Taiwan. Sashen ƙera gilashi na Samsung ma ya daina yin LCD tun 2022, daga waje kamfanin yake saye. Gaskiya ne kuma akwai kuɗin suna a cikin farashin manyan kamfanoni, kuma wasu ƙananan samfuransu ba su fi na matsakaitan kamfanoni da komai ba. Amma fitowa daga masana'anta ɗaya ba ya mai da kaya ɗaya. Gilashin da kansa aji-aji ake tace shi, mai tabo ko rashin daidaiton haske a sayar da shi da rahusa. Bayansa kuma akwai jerin fitilu, da faifan wuta, da ƙwaƙwalwa, waɗanda kowane mai haɗawa yake zaɓa gwargwadon abin da yake son kashewa. Buhun gari ɗaya ne, amma ba kowace mai tuya ce ƙosanta ke tashi ba.

Teburin mai gyara ya fi kwali faɗin gaskiya a nan. Cutar da ta fi kai irin waɗannan talabijin wurinsa ita ce a ji murya babu hoto. Yakan haska tocilan a jikin gilashin, sai ga hoton can ciki dishi-dishi: fitilun baya ne suka ƙone. Mai haɗa na araha yakan rage yawan fitilun, ya tura wa ragowar wuta fiye da kima don gilashin ya yi ƙyalli a shago, zafi kuma ya cinye su da wuri. Ana canza su, amma sai an ɗaga gilashin gaba ɗaya, kuma siririn gilashi mai inci 43 ba ya yafe kuskure. Idan ya tsage, kuɗin wani ya kusa kuɗin sabon talabijin, garanti kuma ba ya ɗaukar fashewa. Cuta ta biyu faifan wuta ne, wanda hawa da saukar lantarki ko tsawa da ta biyo wayar dish ke kashewa. Idan samfurin sananne ne, ana samun faifansa a kasuwar Alaba ta Legas ko kasuwar Sabon Gari ta Kano. Idan maras asali ne, sai a dasa masa faifan gama-gari, rimot ya canza, wani lokaci launin ma ya canza. Araha ba ta ado, kuma wannan lissafin ba ya cikin maƙalar.

Babu kuma lissafin wuta, wanda a gidan da ke kan sola ko inbata shi ne kan gaba. Gilashin 4K ɗigonsa ƙanana ne, haske yana shan wuya kafin ya ratsa su, don haka a girma ɗaya da haske ɗaya yakan fi Full HD jan wuta. Ana rubuta abin da talabijin ke ja a takardar da ke manne a bayansa. A ɗauka wani yana jan wat 60, wani 90. A kallon awa biyar, na farko ya sha wat-awa 300, na biyu 450. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da 1,200, kuma irin na dalma rabinsa kawai ake so a sha in ana son ya daɗe. Na farko ya bar rabin rabon dare ga fanka da fitila da cajin waya, na biyu ya bar kashi ɗaya cikin huɗu. Rage hasken fitilun baya daga cikin saiti yana sauƙaƙa jan wutar, yana kuma ƙara musu kwana.

Wanda arahar ta ja shi zuwa na hannu, akwai abin lura game da ƙasar da kayan ya fito. Na Turai wutarsa da tsarin tasharsa sun yi kusa da na Najeriya da Nijar. Na Amurka an yi shi ne don bolt 120, na Japan don 100, kuma idan takardar bayansa ba ta nuna yana ɗaukar har 240 ba, jona shi kai tsaye ƙona shi ne. Na'urar kamun tasharsu ma daban ce, ATSC a Amurka, ISDB a Japan, ba za su kamo tashar gida da eriya ba sai ta dikoda.

Akwai wurin da shawarar marubucin take aiki. Wanda zai ɗora talabijin mai inci 43 a tebur ya jona kwamfuta, yana zaune ƙasa da mita ɗaya, zai ga amfanin 4K a kowane harafi, haka ma mai na'urar wasa ta zamani da ke zama dab da gilashi. Daga inci 50 zuwa sama kuwa gardamar ta kusa mutuwa da kanta, domin manyan kamfanoni kusan duk abin da suke fitarwa a wannan girman 4K ne, lambar ba ta raba kowa da kowa. A shago, bidiyon furanni da tsuntsayen da ake kunnawa an shirya shi ne musamman, talabijin kuma yana kan saitin baje koli mai ƙure haske da launi. Mai saye yana iya zuwa da filash ɗinsa ɗauke da irin fim ɗin da ake kallo a gidansa, ya nemi a mayar da saitin na gida, ya ja da baya taku huɗu, sannan ya koma gefe ya sake dubawa. Ya sa a nuna masa hoto mai duhu ya ga ko haske yana tsiyaya daga kusurwoyi, ya juya bayan talabijin ya ƙirga kafofi, ya gwada lambar samfurin da ke manne a nan da wadda ke jikin kwali da wadda za a rubuta masa a takardar garanti.